Ƙafar Hagu da Akwatin Jamus

Da sunan Allah zan fara, shi da ya ba ni ƙafafu biyu, ya kuma ga abin da na sha a kansu.

Na sauka Salaga wata Laraba cikin damina, bayan kwana biyar a hanya daga Zariya, ƙafata ta hagu a naɗe da tsumma tana wari, har matar da ke kusa da ni a mota ta mai da hancinta taga. Ban ga laifinta ba. Gyambo ne a saman idon sawu, faɗin tafin hannuna, shekara biyu yana cina. Ni Tasalla mai kitso, shekara arba'in ina kan kujera 'yar tsugunno, kawunan matan manya a tsakanin gwiwoyina, ban san zaman nan yana tara min jini a ƙasa ba sai da ƙafafun suka kumbura, fatar ta yi baƙi ta fashe. Likitan da ya duba ni a gida, wanda na girmi uwarsa, ya ce in ciwon ya taɓa ƙashi sai zarto, daga ƙasan gwiwa. Yana faɗa yana duba agogo.

Abin da ya ɗauko ni kaset ne. Ƙanin mijina marigayi, Bawa, wanda ya tafi fataucin goro tun yana saurayi ya maƙale a Salaga, shi ya aiko da muryarsa ta hannun wasu direbobi. Wai ɗansa da ke Jamus ya aiko masa da wani ɗan akwati mai batir, ana ɗaura shi a ƙugu, wayoyi su sauka zuwa sharaɓa, tsoka ta riƙa motsi da kanta tana tura jini sama. Wai shi ma gyambonsa da shi ya rufe. Ki zo, in ji shi, kada ki bari su yanke.

Tun ina yarinya nake jin Gwanja, ƙasar da Salaga take, a bakin tsofaffi, ayari, goro, kasuwar da ba a ganin ƙarshenta. Da na leƙa ta taga sai na ga jar ƙasa, kwanon rufi mai tsatsa, tsofaffin rijiyoyi da ciyawa ta cinye, da doya. Doya a hagu, doya a dama. Na ce a raina, ashe wannan ce kakanninmu suka ƙarar da jakunansu a kanta.

Da aka kai ni ƙofar gidansa, Bawa ya fito daga zaure da tumbinsa.

"Matar Yaya! Ashe da sauran ranki?"

"Da saura, Bawa, ko don in ga ƙarshen tumbin nan. Ina akwatin?"

"Ki sha ruwa tukuna."

"Na ga kalar ruwan garinku, na ƙoshi. Ina akwatin?"

Sai ya hau sosa ƙeya, ya ɗage wando yana nuna min tabon ƙwaurinsa, kamar tabo na zo kallo. Da ƙyar ya fito da maganar. A zangonsu, wai kayan jinya ba na mutum ɗaya ba ne. Sandar dogarawa, keken guragu, fo na majinyaci, duk gida-gida suke yawo, wanda ya hana kuwa ranar da ya mutu zai ga masu ɗaukarsa. Wani surukinsa ya zo daga Yendi da ƙafa a kumbure, Bawa ya ba shi aron akwatin.

"Kai ka aiko min in taso daga wata ƙasa, sannan ka ba da aron abin?"

"Na ɗauka sai bayan babbar salla za ki zo."

"To gyambon ma ka aika masa ya jira salla?"

Kwana goma sha ɗaya na yi a gidansa ana aike, aike ba ya dawowa. Kullum sakwara, a haɗiya ba tauna, miya kamar ruwan wanke kwano. Da yamma in na zauna bakin ƙofa sai ƙanshin daddawar gidanmu ya faɗo min, da muryar 'yata tana kiran kaji, in sunkuyar da kai kamar ina gyaran tsumma. Hausarsu kuwa, Allah ya kyauta: babu mace babu namiji, kowa "ka" ne. Yarinya ƙarama ta dube ni ta ce "ka ci abinci?" sai in waiwaya in ga ko da wani ƙato a bayana.

Abu ɗaya na yarda sun fi mu, man kaɗanya. Matar Bawa, Adisa, Bagwanjiya ce, ba ta da yawan magana, ita ta ciko min ƙwarya da wanda ta kaɗa da hannunta, fari sol, mai laushi kamar ƙwaƙwalwa. Ni kuwa tun da nake ban taɓa fita da ƙafa furu-furu ba, ko da ciwo. Safe da yamma nake laftawa daga gwiwa har yatsu, ina kewaye bakin gyambon, har ƙwaurina yana ɗaukar ido.

Ranar sha biyu na ce a sa ni a mota. Bawa ya yi min kwatancen gidan surukin, ya ƙara da cewa in abin ya gagara, wadda ta koya masa aiki da akwatin wata nas ce, Sista Lamisi, an mai da ita asibitin Bawku.

Hanyar Yendi ba hanya ba ce, kwata ce mai tsawo. Motar katako ce, mu da buhunan garin rogo da awaki. Sau uku tana kafewa a taɓo maza su sauka turi. Wajen Bimbila sojoji suka tsare mu suka ce kowa ya sauka a bincika kaya. Na ce ni ba inda za ni. Ɗaya ya leƙo yana zare ido, na kwance masa tsumman. Bai ƙara tambayar kowa komai ba, ya ɗaga sanda muka wuce. Shi ne kaɗai amfanin da gyambon nan ya taɓa yi wa jama'a.

A Yendi na tarar surukin Bawa ya samu sauƙi ya koma gona, akwati kuwa ba ya hannunsa. Waya ɗaya ce ta tsinke ya kai wa mai gyaran rediyo, wani Fuseni, shi kuma da ya gyara sai ya ga ai sana'a ce ta zo har gida. Na same shi ƙarƙashin mangwaro bayan masallaci, ya jera benci biyu, an fara kiransa Dokta. Akwatin ɗan ƙarami ne, bai kai rediyon aljihu biyu ba, amma ya ɗinke shi cikin jar fata kamar laya, ya rataya masa ɗiyan wuri. Manoma su yi alwala su fito daga salla su zauna, ya tsoma wasu faifan baƙar roba guda biyu a ruwan rubutu, ya ɗaura musu a sharaɓa, ya murɗa. Da idona na ga tsokar wani tsoho tana tsalle, ƙafarsa tana noƙewa tana saki, shi kuwa hannunsa a cinya bai yi komai ba. Mata suna kabbara.

"Hajiya, ka zo daga Najeriya? Aikinka babba ne," in ji Fuseni. "Ka kawo turmin atamfa da farin zakara."

"Zakaran na batir ne ko na cikinka?"

Aka yi dariya, amma na ba shi atamfar da na riƙo wa Adisa ban kai ga ba ta ba. Mai ciwo ba ya da wayo, ko da ya girmi wayon.

Ya ɗaura min. Ruwan rubutun ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a fatata ya gangare. Ya murɗa. Shiru. Ya ƙara. Na ji ɗan tsikari kamar cinnaka yana yawo. Ya kai abin murɗawar ƙarshe, sai wuri ɗaya ya ɗauki zafi kamar an ɗosa min garwashi, amma ƙafa ko gezau. Aka gwada ta dama, haka. Kwana uku ina zuwa, mutum ya tashi daga benci ƙafarsa ta gama rawa, in zauna a gurbinsa, tawa kamar gungume.

Rana ta uku ya miƙe ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji: "Wannan ƙafa ya mutu. An binne masa abu a gida. Ko wuta bai san shi ba."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Sammun ban ɗauka ba, don wanda zai yi min sammu a Zariya ba a haife shi ba. Amma mutuwar ƙafar na ɗauka. In tsokar kowane manomi tana amsa kira tawa ba ta amsawa, to me ya rage? Na zauna a bencin ina kallon yatsuna, na ga ranar da za a naɗe rabin ƙafata a fita da shi ta ƙofar baya, a binne shi ni ina raye.

Sai ya ƙara da cewa in kawo rago a tone abin.

Nan tsoro ya koma fushi. Na ce, "Kai mai gyaran rediyo, zo nan. Akwatin nan na gidanmu ne. Ɗan ƙanin mijina ya aiko shi, aro aka ba da, gyara aka kawo maka. A garinku haka ake yi, a kai wa tela ɗinki ya saka rigar ya tafi Idi?" Na ɗaga murya yadda nake yi in amarya ta motsa kai ana tsaga. Na kira sunan Bawa, na kira na surukinsa, na tambayi dattawan da ke wurin ko al'adar aron kayan jinya ta tsaya ne a Salaga ba ta iso nan ba. Wani tsoho mai carbi ya yi masa magana da Dagwambanci, gajeriya. Fuseni ya kwance belin akwatin ya miƙo min da hannu biyu. A gabansa na sa haƙori na farke jar fatar na jefa masa. Atamfar dai ta tafi, na kuma ga irinta a jikin matarsa kafin in bar garin.

Daga Yendi zuwa Bawku kwana biyu muka yi, ta Nalerigu. Man Adisa ne abokin tafiyata, duk inda aka tsaya in wanke ƙura in sake shafawa. Bayan Nakpanduri akwai wata gangara, dutse ne ya yanke ƙasa biyu, in ka leƙa ƙasa bishiyoyi kamar ciyawa. Direba ya tsaya ya ce kowa ya sauka ya gangara da ƙafa, shi bai yarda da birkinsa ba. Shi da motarsa bai yarda da ita ba, amma ya yarda ya ɗebo mu. Na taka kamar zira'i ashirin, gyambon ya ɓalle da jini, na zauna a kan dutse. Mazan motar, da masu rawani da masu agogo, suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya suna "sannu, Hajiya". Sannu ba ta da ƙafa balle ta ara min. Sai wata mata, irin mutanen dutsen nan, kai a aske, tana warin burkutu, ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa, ta ajiye kwandonta ta durƙusa a gabana ta buga bayanta. Da a gida ne ko ƙofar zaurena ba za ta tsallaka ba. Na hau. Ta goya ni har ƙasa, tana nishi, ƙafafunta ba takalmi suna kama duwatsu. Da ta sauke ni na ciro goro zan ba ta, ta karɓi ɗaya ta ɓare, ta mai do min rabi, ta koma sama ɗaukar kwandonta. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a, Allah ya san wa nake nufi.

Bawku gari ne na shanu da albasa da hayaniya, kowa da yarensa kowa da abin da ya tsallako da shi daga iyaka. Na sauka gidan wani fatoman masu shanu da Bawa ya sani, aka ba ni ɗaki kusa da turke. Da safe aka kai ni asibiti a amalanken jaki, kamar buhun gero.

Sista Lamisi gajeriya ce, baƙa, Bakusasiya, da sarƙar gicciye a wuya. Sunanmu ta ɗauka, addinin ta bari. Na ajiye mata akwatin na ce ko ya lalace ko ƙafata ta mutu, ta gaya min wanne ne, kada ta yi min kwana-kwana.

Ta ɗaura a damtsenta ta murɗa, yatsunta suka noƙe. "Akwati lafiya," ta ce. Na dubi ƙafata. Ta durƙusa ta kwance tsumman, ba ta ko yamutsa fuska ba. Sai ta sa yatsa ta ja a kan ƙwaurina daga sama zuwa ƙasa, ta ɗaga yatsan tana kallo, ta shinshina.

"Mma, ka zo jinya ne, ko ka zo a soya ka?"

"Ke, ki iya bakinki. Man kaɗanya ne, na Salaga, wanda ba ki taɓa shafa irinsa ba."

"Kullum ka ke sa?"

"Safe da yamma. Ni ba baiwa ba ce da zan yi yawo da kaushi."

Ta yi dariya har ta dafa gado. Ta kira wata abokiyar aikinta ta nuna mata yatsan, su biyu suna yi da yarensu. Na tattara zanena zan tashi, ta danne min gwiwa. Ta ce wutar batir ba ta ratsa mai. Ruwa take bi. Manoman Yendi daga alwala suke fitowa, fatarsu a wanke, shi ya sa take kama su, rubutun ma jiƙa robar kawai yake yi. Ni kuwa na yi wa ƙafata katanga da hannuna.

Ta kawo ruwan ɗumi da sabulun salo ta wanke min ƙafa kamar jaririya, sau uku tana zubar da ruwan yana fita da maiƙo. Ina zaune ina kallon rufi. Ni da nake gyara matan manya, yau 'yar Kusasi ce take cuɗa min sharaɓa tana tsaki. Da fatar ta bushe ta yi fari fat, ta jiƙa robar da ruwan famfo, ba rubutu ba tofi, ta ɗaura nesa da gyambon, ta murɗa kaɗan.

Ƙafata ta zabura.

Na yi salati da ƙarfi har wani majinyaci ya amsa daga ɗakin gaba. Tsokar ta dunƙule, ta saki, ta dunƙule, ta saki, yatsuna suna sunkuyawa kamar masu gaisuwa. Na rufe fuskata da mayafi. Ba kuka nake ba, hasken tagar ne ya yi yawa.

"Bai mutu ba," in ji ta. "Barci ya ke. Shekara nawa ka zaunar da shi?"

Ta yi min bayani yadda ake yi wa yara, na ƙyale ta. Wai jinin da ya sauka ƙafa ba ya hawa da kansa, tsokar sharaɓa ce take matso shi sama duk lokacin da mutum ya taka. Wanda ya zauna, jinin ya kwanta, fata ta rasa abinci ta ruɓe. Akwatin ba magani ba ne, in ji ta, tafiya ce yake yi wa wanda ba ya iya tafiya. Sauran aikin na wanki ne da bandeji da ɗaga ƙafa.

Haka na zauna Bawku wata biyu da 'yan kwanaki. Da hantsi da la'asar akwati a ƙuguna ƙarƙashin zane, wayoyi suna bin cinyata, ƙafa a kan turmin da aka kifa, sama da ƙirjina, irin zaman da ko a gaban 'yata ban taɓa yi ba. Matan gidan suna wucewa suna leƙe, wata ta tambaye ni ko ina kama tashar Kaduna. Batirin kasuwa na banza ne, kwana biyu ya mutu, sai masu shanu suka riƙa sako min na Togo a aljihun riga. Duk kwana uku Lamisi ta wanke gyambon ta ɗaure da bandeji tamau daga yatsu zuwa gwiwa, ta shafa yatsa a ƙwaurina ta duba ko na saci shafawa. Sau ɗaya ta kama ni. Abin da ta gaya min ran nan, da a Zariya ne da sai an shiga tsakani.

Warin ya fara tafiya. Bakin ciwon ya yi ja, nama yana tasowa daga gefe. Daga tafin hannu ya koma murfin gwangwanin madara.

Ana nan, a mako na bakwai, akwatin ya yi ɗan ƙauri ya mutu. Aka canza batir, aka canza waya, shiru. Ciwo kuwa bai rufe ba, tsakiyarsa da rami, ba wanda ya san zurfinsa. Na tafi wurin Lamisi da shi a hannu kamar gawa.

"To sai ka zama akwatin," ta ce. "Tashi. Kama bango. Ɗaga dunduniya, tsaya a kan yatsu. Sauka. Kuma."

"Ƙasa uku na ratsa don a koya min ɗage?"

"Da ka iya, da ba ka zo ba. Kuma."

Na yi. A da ba zan iya ko sau ɗaya ba, amma tsokar ta farka. Safe, rana, yamma, ina riƙe da bangon fatoma ina sama ina ƙasa, shanu suna kallona ina kallonsu. Daga nan ta ce in kewaya gidan, daga nan in kai bakin titi.

Ranar da babban likita zai duba, wani dogon mutumin kudu ne mai tabarau, ya sa ƙarfe siriri cikin ramin yana lalube. Na kama ƙarfen gado na kafe idona a bakinsa, ko da yake ba na jin abin da zai fito daga ciki. Ya daɗe. Ya cire, ya latsa gefe, ya yi magana da Turanci, ya tafi wanke hannu.

"Me ya ce?"

Lamisi tana naɗe bandeji ba ta ɗago ba. "Ya ce bai kai ƙashi ba. Ya ce ka tafi da abinka gida."

"Duka?"

"Duka. Mu me za mu yi da shi?"

Amalanken yana jirana a ƙofa, na ce da mai jakin ya tafi. Na bi titi a hankali har kasuwa, na wuce 'yan albasa, na tsaya gaban wani Bamoshe mai takalman roba. Shekara biyu rabon ƙafar hagu da shiga takalmi, kullum na dama nake saye a ajiye ɗan'uwansa. Ya dubi bandejin ya miƙo min ɗaya.

"Biyu," na ce. "Ko ba ka iya gani ba ne?"

Munana ne, koraye shar, robar kamar ta bokiti, irin waɗanda ko mai aikina ba zan saya wa ba. A wurin na zura su. Sun matse ni tun daga Bawku har Zariya, dama da hagu.